Difiza, Kwalbar Tsinke ko Shafawa: Wanne Ya Dace da Gidan da Ke da Ƙananan Yara da Dabbobi?

Ƙanwata ce ta turo mini hotuna uku a waya, ta biyo su da tambaya: "Yaya, wanne zan ɗauka?" Na farko na'urar nan ce mai fitar da hazon ƙamshi da ake kira difiza. Na biyu kwalba ce da aka tsuttsura mata tsinkaye a baki. Na uku kuma jerin 'yan kwalabe ne masu duhu na tataccen man tsirrai, waɗanda mai tallarsu ta tabbatar mata ana iya shafa wa kowa "tunda daga ganye ne". Kafin in ba ta amsa sai na lissafa mata mazauna gidanta: ɗanta mai wata 14 wanda duk abin da ya tsinta sai ya kai baki, 'yarta mai shekara biyar, da wata kyanwa da ta mai da saman kujera gadonta. Na ce mata waɗannan ukun ne za su yi zaɓin, hancinki ya jira tukuna.

Wannan magana ta "daga ganye ne" ita ke ruɗin mutane. Gaskiya ne daga ganye, fure, ɓawo ko saiwa ake samo man, amma sai an bi da tururi ta cikin tarin tsiron, a sanyaya tururin, sannan a kwashe ɗan man da ya taso saman ruwan. Na lemo kuwa matse ɓawon ake yi. Kafin a tara kilo ɗaya na man wardi sai an ci furen da ya kai tan uku ko fiye, don haka abin da ke cikin ɗigo guda ya wuce yadda hanci ke zato. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne man wintagirin, mai ƙamshi irin na man zafin da ake shafawa a gaɓoɓi. Kusan dukkansa sinadarin metil salisilet ne, ɗan'uwan asfirin, kuma cokalin shayi ɗaya nasa daidai yake da kimanin giram 7 na asfirin, wato fiye da ƙwaya 20 ta manya. Wannan ya isa ya hallaka yaro mai tatata.

Ina haɗarin ya fi yawa, a iska ko a kwalba? Akwai alƙaluman da suka amsa wannan. Cibiyar bayanan guba ta jihar New South Wales a Ostireliya ta tara rahotanni 4,412 da suka shafi irin wannan mai daga Yulin 2014 zuwa Yunin 2018. Kashi 63 cikin 100 na waɗanda abin ya shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma mafi yawa bisa tsautsayi ne. Man yukaliftus, bishiyar da wasu ke kira zaiti (kada a ɗauka zaitun ne, babu abin da ya gama su), shi kaɗai ya ɗauki kashi 46, man titiri (wata bishiyar Ostireliya) ya biyo baya da kashi 17. A ciki har da waɗanda suka ɗauki kwalbar a zaton maganin tari ce. Saboda haka tambayar farko da nake yi wa kowace hanya ita ce: yaya nisan man da bakin yaro? Ta biyu: idan ƙamshin ya dami wanda ba ya iya magana, yana da hanyar tserewa?

Da wannan ma'auni kwalbar tsinke ce ta fara faɗuwa, alhali ita ta fi kama da salihar baiwa. Ba wuta, ba lantarki, ba ƙara, ƙamshinta a hankali yake tashi. Sai dai kwalba ce buɗe, ba murfi, da za ta yi makonni tana zaune a kan tebur. Ruwan cikinta kuma galibi ba zallar man tsiro ba ne, an haɗa shi da sinadaran da ke sa shi hawa tsinke, waɗanda ke iya sa amai idan an sha, su ƙona ido idan sun fantsama. Na taɓa zama ina kallon ɗan ƙanwata yana neman rimot ɗin da aka ajiye a tsakiyar tebur. Hannunsa bai kai ba, sai kawai ya kama gefen mayafin teburin ya ja, komai ya biyo shi ƙasa kafin uwarsa ta juyo. Da akwai kwalbar tsinke a wurin, da a kansa za ta juye. Wani zai ce a ɗora ta can sama. To, yaron ba zai kai ba, amma kyanwa wurin zamanta ke nan. Jela ɗaya za ta kaɗa kwalbar ta kife, ta taka ruwan, ta koma gefe ta lashe ƙafarta tas. Ga shi kuma ba ta da makunni, dare da rana ƙamshin na fita ko ana so ko ba a so.

Ɗan kaskon da ake kunna wa kyandir a ƙarƙashi ba ya buƙatar dogon bayani. Ga harshen wuta, ga ruwan zafi a buɗe, ga mai da shi kansa yana kama wuta. A gidan da ake rarrafe ko ake tsalle kan kanta, a manta da shi.

Difiza ce ke da abin tattaunawa, domin iri biyu ce kuma mutane kan ɗauka duk ɗaya ne. Akwai wadda ba a zuba mata ruwa: zallar man take fesawa cikin iska, ƙamshinta na cika ɗaki cikin 'yan mintoci. Wannan ta manya ce zalla, su ma a babban ɗaki. Sai wadda aka fi sani, mai 'yar tukunyar ruwa da ake ɗiga wa mai. A gindinta akwai wani ɗan faifai da ke karkarwa da saurin da kunne ba ya ji, yana farfasa ruwan ya zama hazo mai sanyi. Ba ta zafi, ana iya kashe ta, da yawa suna da agogon da ke tsayar da su da kansu, kuma ɗigo biyu ko uku sun isa. A nan ta fi kwalbar tsinke nesa ba kusa ba.

Amma hazon nan ƙananan ɗigogi ne ɗauke da mai, kuma duk abin da ya tashi sai ya sauka: a kan kujera, a kan shimfiɗa, a kan gashin dabba. Kowa a ɗakin yana shaƙa, da wanda ya nema da wanda bai nema ba. Jariri sabon haihuwa yana numfashi sau 30 zuwa 60 a minti, babba kuwa 12 zuwa 20, ga hanyoyin iskarsa 'yan sirara, ga hantarsa ba ta gama ƙwari ba. Idan ƙamshin ya takura shi ba zai iya tashi ya fita ba, kuka kawai zai yi, a ce rigima ce. Akwai kuma wani tarko da ni kaina na taɓa faɗawa: bayan 'yan mintoci hancin babba ya saba, ya daina jin ƙamshin, sai ya ɗauka man ya ƙare ya ƙara ɗigo. Wanda ya shigo daga waje ne zai ji ɗakin ya yi nauyi. Dalilin da ya sa masana harkar ke cewa a kunna na minti 30 zuwa 60 a kashe ke nan, ba a bar ta tana aiki har safe ba. Asibitin yara na Filadelfiya a Amurka ma ya fi haka tsauri: shawararsa ita ce kada a yi wa yaron da bai kai shekara uku ba amfani da irin wannan ƙamshi, kuma a guji difiza mai ruwa da ke cika ɗaki na dogon lokaci. Yaro mai asma kuwa ko shekararsa nawa, ƙamshi mai ƙarfi na iya tayar masa da ciwon. Kada a manta da tukunyar ruwan ita ma: idan aka bar ruwa ya kwana biyu a ciki sai ya zama gidan ƙwayoyin cuta, waɗanda na'urar za ta fesa wa mutanen gidan, kuma wayar lantarkinta abin ja ce ga mai rarrafe.

Sai mu zo kan kyanwa, wadda ita ce ta fi kowa rauni a wannan lissafi duk da kamanninta na mai rai tara. Hantarta ba ta da isasshen wani sinadari da hantar mutum da ta kare ke amfani da shi wajen narkar da wasu guba su fita a fitsari, musamman dangin finol. Wannan ne ma ya sa ƙwayar farasitamol ɗaya kan iya kashe ta. Man kanumfari, kirfa, wintagirin, na'a-na'a, yukaliftus, titiri, feniroyal (wani ɗan'uwan na'a-na'a) da na dangin lemo duk suna cikin jerin da likitocin dabbobi ke gargaɗi a kansu. Ga ta kuma da tsabta: sa'o'i take ɓatawa kullum tana lasar jikinta. Abin da ya sauka a gashinta daga difiza, kafin yamma ya zama abin da ta haɗiye. Wata rana na kunna tawa difizar da man yukaliftus saboda mura, na rufe ƙofa don kada ƙamshin ya fita, ban lura akwai kyanwa a ƙarƙashin gado ba. Ba a jima ba sai ga ta ta fito tana ƙifta ido, idon na ruwa, ta yi atishawa sau uku a jere, ta je ta zauna ta manna hanci a ƙasan ƙofa inda iska ke shigowa. Ina buɗewa ta fice da gudu, ba ta sake shiga ɗakin ba sai washegari. Ta yi sa'a ni ma na yi sa'a, abin ya tsaya a nan.

Kare ya fi ta juriya a hanta, amma hancinsa ya ninka namu ƙarfi nesa, abin da muke ji daidai shi a wurinsa hayaniya ce. Babban haɗarinsa daga masu shi yake zuwa. Wani nazari da aka buga a 2014 ya duba rahotanni 443 na karnuka da kyanwoyi da zallar man titiri ya taɓa, waɗanda cibiyar guba ta ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta ASPCA a Amurka ta karɓa daga 2002 zuwa 2012. Kusan tara cikin goma da gangan aka sa musu, da nufin magani, kuma kashi 77 cikin 100 sun nuna alamun guba: dalalar da miyau, kasala, tangaɗi, karkarwa, sanyin ƙafafu, cikin sa'a biyu zuwa 12, wasu har kwana uku. Mutum ya so ya raba dabbarsa da ƙuma ko ƙaiƙayi, garin neman gira ya tashi rasa ido. Shi wannan titiri, sunansa ne kawai ya yi kama da na shayi a Turanci, wata bishiya ce dabam ta Ostireliya, kuma ba a shan manta ko kaɗan.

Mai tsuntsu a keji kuwa maganarsa gajera ce: kada ya kunna komai a ɗakin da tsuntsun yake. Banda huhu, tsuntsu na da jakunkunan iska a jikinsa da ke sa shi tsotsar abin da ke cikin iska fiye da sauran halittu. Ba banza ba masu haƙar kwal a Birtaniya suka riƙa shiga rami da kanari har zuwa 1986: kafin mutum ya ji gurɓatar iska, tsuntsun ya faɗi. Kuma keji ba shi da ƙofar gudu.

Shafawa a fata ita ce hanyar da mai tallar ta fi yabawa, ita ce kuma ta fi buƙatar lissafi. Zallar man ba a sa wa fatar kowa, balle yaro. Sai an sirka da man da ba shi da zafi, irin na kwakwa ko na zaitun. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A nan dai ido bai san komai ba, sai an ƙirga. Ɗigo 20 kimanin mililita ɗaya ne. Ɗigo biyu a cokalin shayi biyu na man sirki sun ba da kashi ɗaya cikin 100. Asibitin Johns Hopkins na Amurka ya ba da ma'auni haka: daga wata uku zuwa 24, kashi 0.25 zuwa 0.5, daga shekara biyu zuwa shida, kashi ɗaya zuwa biyu. Kashi 0.25 ɗin nan ɗigo ɗaya tak ke nan a cokalin shayi huɗu. Duk wanda ya taɓa karkata irin wannan kwalba ya san yadda ɗigo uku ke suɓucewa kafin a ɗago hannu. Shi ya sa tsakanin wannan ma'auni da tsaurin Filadelfiya, ni na fi karkata ga jira har shekara uku. Me jariri zai rasa idan bai yi ƙamshin furen labanda ba? Ƙamshin da ya fi sani, ya fi samun natsuwa da shi, na jikin uwarsa ne, kuma da shi yake gane nono.

Ko yaro ya girma, akwai iyakoki. Ba a kai man kusa da ido, hanci, baki ko cikin kunne, ba a shafa shi a tafin hannun mai tsotsar yatsa. A fara gwadawa a ɗan wuri a damtse, a jira kwana ɗaya a ga ko zai yi ja. Man bagamot (wani nau'in lemo) da na lemon tsami da aka matso daga ɓawo suna sa fata ta ƙone idan rana ta taɓa ta, don haka a bar aƙalla sa'a 12 tsakani. Kwalbar da ta daɗe a buɗe, musamman ta titiri ko ta lemo, iska kan sauya ta ta fi sabuwa kawo ƙaiƙayi. Ɗigawa a ruwan wanka kuwa kuskure ne da ke kama da dabara: mai ba ya gauraya da ruwa, sama yake tasowa da cikakken ƙarfinsa, ya manne a wurin da fatar yaro ta fi laushi.

Su kansu mayukan ba matsayinsu ɗaya ba. Na'a-na'a, yukaliftus da kafur su ne uwa ta fi kai wa hannu idan hancin yaro ya toshe, su ne kuma mafi haɗari a gare shi. Mentol ɗin da ke cikin na'a-na'a, idan aka sa shi kusa da hancin jariri, yana iya shaƙe masa maƙogwaro ko tsayar da numfashinsa, kuma Johns Hopkins ya ce kada a yi amfani da shi ga wanda bai kai wata 30 ba saboda haɗarin jijjiga. Kafur da yukaliftus kaɗan yaro zai haɗiya ya fara jijjiga ko ya suma. Kanumfari da feniroyal hanta suke ci. Labanda, kamomil da lemon zaƙi su ne masu sauƙin hali ga yaron da ya tasa, sai dai lemon bai dace da gida mai kyanwa ba. Ita labanda ma akwai rahoton da wata babbar mujallar likitanci ta Amurka ta buga a 2007 kan wasu yara maza uku da nononsu ya fara tasowa bayan daɗe ana shafa musu kayan da ke da labanda ko titiri, ya koma da aka daina. Masana sun yi ta muhawara a kan ko man ne sanadi, amma ya isa ya hana ni mai da shi man shafawar kullum.

Hanyar da ba ta cikin hotunan ƙanwata ita ce na fi so: ƙamshin ya tsaya ga mai son sa. Akwai ɗan bututu mai murfi kamar jan baki, da auduga a ciki, a ɗiga mai, a shaƙa, a rufe, a jefa a jaka. Ko ɗigo ɗaya a ƙyalle ko a ɗan dutsen yumɓu da za a sa cikin durowa ko kabad ɗin kaya. Babu hazo, babu abin da zai sauka a gashin dabba, babu kwalba a fili. Aibinta ɗaya: ba za ta sa baƙo ya shigo falo ya ce kai, gidan nan na ƙamshi ba. Wanda wannan ne burinsa, buɗe taga da wanke labule za su kai shi rabin hanya. Gidan da yaransa suka haura shekara uku, babu mai asma, dabbar gidan kuma kare ne, yana iya amfani da difiza mai ruwa: ɗigo biyu, rabin sa'a, a babban ɗaki, taga a buɗe, ƙofa a buɗe don wanda ya gaji ya fita, ba a ɗakin barcin yara ba. Gidan da ke da jariri, kyanwa ko tsuntsu, ɗan bututun nan ya wadatar.

Kowace aka zaɓa, kwalaben su zauna a akwati mai makulli, nesa da inda ake ajiye magungunan sha, kuma kada a juye su a wata kwalbar da ba ta da suna. Idan tsautsayi ya gitta yaro ya sha, kada a sa shi amai, domin man na iya kwarara huhu ya haifar da abin da ya fi na farko muni. Kada kuma a tsaya ɗura masa wani abu ko jiran alama. A goge masa baki, a ɗauki kwalbar a tafi asibiti da ita, a lura da lokacin da ya sha. Idan ido ne, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na kimanin minti 15. Idan fata ce ko gashin dabba, a wanke da sabulu da ruwa sosai, dabbar kuma a kai ta wurin likitan dabbobi ko da ta yi kamar ta warke.

Ƙanwata ta saurari duk wannan, ta yi shiru, can ta ce, "Yaya, ke nan duka ukun ba nawa a ciki?" Na ce kwalba ɗaya ta labanda taki ce, da ɗan bututu, sauran ki jira yaron ya shiga makaranta, difiza kuwa sai kin shawarci kyanwa. Bayan mako guda ta turo mini hoto na huɗu: akwatin ƙarfe a saman kabad da ɗan kwaɗo a jikinsa, kyanwar na kwance a kansa tana barci.